Da wane jiki matattu za su tashi? Gardamar Kiristocin farko da ta masana

Wanda ya ɗauki Sabon Alkawari ya fara daga shafin farko, da Matiyu zai fara cin karo, sai Markus, Luka da Yohanna, can gaba kuma wasiƙun Bulus. Masanin tarihi ba ya bin wannan jeri, domin ba haka aka rubuta su ba. Bulus ne ya riga kowa. Wasiƙarsa ta farko ga Tasalonikawa ta fito wajen shekara ta 50 Miladiyya, ta farko ga Korintiyawa kuma tsakanin 53 da 55, yana zaune a Afisa. Bisharar Markus sai wajen 70, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yohanna kuwa dab da ƙarshen ƙarnin, bisa lissafin da yawancin masana suka tsaya a kai. Daga wannan jeri gardamar ta samo asali: rubutun da ya fi tsufa shi ya fi wuyar fahimta, waɗanda suka fito ɓaro-ɓaro da zancen nama da ƙashi kuma su ne na baya.

Mai karatu Musulmi ya san Alƙur'ani ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Abin da ake bi a nan tarihin imanin Kiristocin farko ne, su da suka ce an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, wajen shekara ta 30 ko 33, ya kuma tashi. Tambayoyi uku ne a cikin maganar, kuma cuɗa su shi ke kawo yawan ruɗani. Me suke nufi da tashi? Shin an tarar da kabarin babu gawa? Me ya sa suka gaskata haka? Masani na iya cewa lallai jiki suke nufi, ba tare da ya yarda abin ya faru ba.

Kiristoci ba su ƙirƙiro maganar ba, a gidan Yahudawa suka same ta, kuma can ma ba tsohuwa ba ce sosai. Kwarin busassun ƙasusuwa na Ezekiyel 37 ya yi kama da tashin ƙiyama, amma nassin da kansa ya ce ƙasusuwan jama'ar Isra'ila ce da za ta komo daga bauta. Inda aka faɗi abin ƙarara shi ne Daniyel 12:2, cewa da yawa daga masu barci cikin ƙura za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya. Yawancin masana suna sa wannan sashe wajen shekara ta 165 kafin Miladiyya, lokacin da sarki Antiyokus na Huɗu yake karkashe Yahudawan da suka ƙi barin Attaura. Littafin Makabiyawa na biyu, wanda yake cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da Otodoks amma babu shi a na Furotesta, ya ba da labarin 'yan'uwa bakwai da aka azabtar a gaban uwarsu. Da aka zo kan na uku, sai ya miƙa harshensa da hannuwansa a yanke, ya ce daga Sama ya same su, daga can kuma yake sa ran za a mayar masa. Ke nan tun farko maganar ta adalci ce: jikin da aka zalunta shi za a biya.

Ba duk Yahudawa suka yarda ba. Farisiyawa sun riƙe ta, Sadukiyawa sun yi watsi da ita, su ne ma suka zo wa Yesu da tambayar matar da ta auri 'yan'uwa bakwai ɗaya bayan ɗaya: ta wa za ta zama ranar tashi? Amsar da Markus 12 ya ruwaito ita ce ba aure a can, za su zama kamar mala'iku. Waɗansu Yahudawan kuma rai kaɗai suke zance, cewa rayukan masu adalci suna hannun Allah. Abu ɗaya dai masu jiran tashi suka haɗu a kai: na taron jama'a ne, a ƙarshen zamani. Girkawa masu ilimi kuwa abin dariya suka ɗauke shi. Ayyukan Manzanni 17 ya ce da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina sai waɗansu suka yi masa ba'a, kuma wajen shekara ta 180 wani masanin falsafa mai suna Selsus ya kira shi begen tsutsotsi. Wane rai ne, in ji shi, zai yi marmarin jikin da ya ruɓe?

Komai ya rataya ne a kan sura ta 15 ta Korintiyawa ta farko. Bulus ya buɗe ta da wasu jimloli da ya ce shi ma karɓa ya yi ya miƙa: Almasihu ya mutu, an binne shi, an tashe shi rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sannan ga almajirai sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500, ga Yakubu ɗan'uwan Yesu, ga dukan manzanni, daga ƙarshe ga Bulus kansa. Masana na kowane ɓangare sun yarda jigon waɗannan jimloli ya girmi wasiƙar. Salon ba irin na Bulus ba ne, tsarin ya yi kama da abin haddacewa, kuma a Galatiyawa 1:18 ya ce shekara uku bayan juyowarsa ya je Urushalima ya yi kwana 15 wurin Kefas, ya kuma ga Yakubu. Shi ya sa ra'ayin da ke cewa imanin tashin Yesu tatsuniya ce da ta ɗauki zamunna kafin ta ginu ba shi da magoya baya a cikin ƙwararru. Imanin na shekarun farko-farko ne. Sai dai a lura da abin da babu a jerin: ba a ambaci kabari babu gawa ba, ba a ambaci mata ba. Kuma kalmar da Bulus ya yi amfani da ita ga ganin da Bitrus ya yi, ita ya yi amfani da ita ga nasa ganin, wanda ya zo shekaru bayan haka.

A aya ta 35 ya ɗauko tambayar masu shakka a Korinti: yaya ake ta da matattu, da wane irin jiki za su zo? Ya amsa da misalin iri. Abin da ka shuka ba shi ne jikin da zai fito ba, ƙwaya ce tsirara, Allah ne yake ba ta jikin da ya ga dama. Akan shuka cikin ruɓa, a tashi cikin rashin ruɓa. Cikin rauni, a tashi cikin ƙarfi. Sai aya ta 44, wadda ta fi kowace jawo rigima. Da Girkanci ya ce ana shuka soma sukikon, a ta da soma numatikon. Soma jiki ne a duka biyun. Kalma ta farko daga suke take, wato rai, wanda kowane mai numfashi yake da shi. Ta biyu daga numa, wato ruhu. Waɗansu fassarori sun mayar da su jiki na zahiri da jiki na ruhu, mai karatu ya tafi da tunanin cewa Bulus yana nufin wani abu marar taɓuwa. Nan kuskuren yake, domin a sura ta 2 ta wannan wasiƙa ya raba mutane masu rai, masu ci da sha, da waɗannan kalmomi biyu ɗin. Babu wanda ya ce mutumin ruhu na sura ta 2 fatalwa ne.

Daga nan masana suka rabu. N. T. Wright, a babban littafinsa na 2003, ya ce kalmomin suna nuna abin da ke motsa jikin ne, ba abin da aka yi shi da shi ba, kamar yadda injin fetur ba da fetur aka ƙera shi ba, fetur ne ke tafiyar da shi. Dale Martin a 1995, da Troels Engberg-Pedersen a 2010, suka ce a'a. Mutanen wancan zamani, musamman mabiya falsafar Sitoyik, ba su ɗauki numa a matsayin abu marar jiki ba. Wani abu ne siriri, mai kama da iska da wuta, irin wanda suke ganin da shi aka yi taurari. Ba banza ba Bulus ya kawo zancen ɗaukakar rana da wata da taurari kafin aya ta 44, kuma ba banza ba ya ce a aya ta 50 nama da jini ba za su gāji Mulkin Allah ba. A wurinsu jikin zai zubar da nama da jini ya zama na wannan abu mai haske. Duk da haka ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda suke nunawa. Dukansu sun yarda Bulus jiki yake nufi, kuma sākewa yake nufi, ba yar da tsoho a ɗauki sabo ba. Aya ta 53 ta ce wannan mai ruɓewa shi zai yafa rashin ruɓa, Romawa 8:11 ta ce za a raya jikunanku masu mutuwa, Filibiyawa 3:21 ta ce za a sāke jikinmu na ƙasƙanci. Masu cewa tsohuwar gawa tana nan kwance a kabari, an ba mutum wani jiki daban, suna kafa hujja da Korintiyawa ta biyu sura ta 5, inda aka rushe tanti aka samu gini daga Allah. Aya ɗaya ce a gaban uku, kuma ita ma ta ci gaba da cewa ba tuɓewa muke so ba, ƙarin sutura muke so.

Bisharu sun zo da wani launi. A kwafe-kwafen Girkanci biyu mafi daraja na ƙarni na huɗu, na Sina'i da na Batikan, Markus ya ƙare ne a 16:8: mata sun tarar da kabari a buɗe, an ce musu ya tashi, suka gudu cikin tsoro ba su gaya wa kowa ba. Ayoyi 9 zuwa 20 ƙari ne na baya. A Matiyu matan sun riƙe ƙafafunsa, amma a kan dutse a Galili an ce waɗansu sun yi shakka. A Luka ya ce su taɓa shi, domin fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. A Yohanna ya ce wa Toma ya sa yatsa a gurbin ƙusa. Ba su daidaita kan adadin matan ba, kuma Matiyu ya kai manzanni Galili alhali Luka ya tsare su a Urushalima. Wani ɓangare na masana ya ce ga shi nan a fili, labarin yana ƙara nama yana ƙara ƙashi da tafiyar shekaru, don a rufe bakin masu cewa Yesu siffa ce kawai. Ɗaya ɓangaren ya ce in don haka ne, me ya sa Luka ɗin nan ya bar almajirai biyu suka yi tafiya da shi ba su gane shi ba, sannan ya ɓace daga kan tebur, Yohanna kuma ya shigo da shi ƙofofi a kulle? Mai son rufe bakin abokin gardama ba ya ba shi sanda. Wannan hujja tana da ƙarfi, ko da yake ba ta hana a yarda cewa zancen kifin ya yi wa Luka amfani ba.

Batun kabari ya fara ne da binnewa. John Dominic Crossan a 1994, da Bart Ehrman a 2014, sun ce al'adar Romawa ita ce a bar wanda aka gicciye ga ungulu da karnuka ko a jefa shi ramin gayya, don haka labarin Yusufu na Arimatiya, wanda bisharu suka ce shi ya binne Yesu, abin shakka ne. Masu ja da su suna kawo Kubawar Shari'a 21:23, wadda ta hana gawa kwana a kan itace, da Yosifus, marubucin tarihi Bayahude na ƙarni na farko, wanda ya ce Yahudawa sukan sauke waɗanda aka gicciye su binne kafin faɗuwar rana. Akwai kuma ƙashi. Masu hali a Urushalima ta wancan lokaci sukan kwantar da gawa a gurbin da aka sassaƙa cikin dutse, bayan kamar shekara, in nama ya zube, a tattara ƙasusuwan cikin ƙaramin akwatin farin dutse mai tsawon da zai ɗauki ƙashin cinya. A 1968, a unguwar Gib'at ha-Mibtar, aka buɗe irin wannan akwati mai ɗauke da sunan Yehohanan. Ƙusar ƙarfe mai tsawon santimita 11 da rabi tana nan soke cikin ƙashin dundunniyarsa, bakinta ya lanƙwashe, da alama ta bugi ƙulli a jikin itacen, shi ya sa aka kasa zare ta. Abin da wannan ya tabbatar kaɗan ne amma tsayayye: ana iya gicciye mutum a Yahudiya a kuma ba danginsa gawarsa. Bai tabbatar da cewa haka aka yi wa Yesu ba.

Kan batun tarar da kabari babu gawa, hujjar da aka fi ji ita ce ta mata. Yosifus ya ce ba a karɓar shaidar mace, Selsus ma ya yi gori cewa mace mai ruɗewa ce ta fara gani, to wa zai ƙirƙiri labari ya ɗora shi kan shaidun da ba za a saurara ba? Amsar ɗaya ɓangaren ita ce a Markus maza sun riga sun tsere, kuma zuwa kabari da man shafawa aikin mata ne, labarin ba shi da wasu da zai aika. Dale Allison, wanda ya auna hujjojin biyu a 2005 ya sake aunawa a 2021, ya karkata ga cewa an tarar da kabarin babu gawa, amma ya ce kabari marar gawa shi kaɗai ba ya faɗin dalilinsa. Matiyu 28 ma ya nuna tun a zamaninsa ana yaɗa cewa almajirai ne suka sace.

Wannan zargi na sata masani Bajamushe Reimarus ya farfaɗo da shi a rubutun da aka buga a Jamus a 1778 bayan mutuwarsa. A 1828 Heinrich Paulus ya ce suma Yesu ya yi, sanyin kabari ya farfaɗo da shi. David Strauss ya rushe wannan da tambayar yadda mutum mai jan jiki, mai bukatar jinya, zai sa a kira shi wanda ya ci nasara kan mutuwa. A 1907 Kirsopp Lake ya ce matan sun ɓata kabari ne. Duk waɗannan sun zama tarihi. Abin da ya rage a fage shi ne ra'ayin wahayi. Gerd Lüdemann a 1994 ya ce baƙin ciki da nadamar musun sanin Yesu da Bitrus ya yi ne suka sa ya ga ubangidansa, abin ya yaɗu zuwa sauran. Allison ya tara rahotannin mutanen da suka ga mamacinsu bayan rasuwa, ya nuna abin ba baƙo ba ne. Inda wannan ra'ayi yake tuntuɓe shi ne nan: wanda ya ga mamacinsa yakan ce yana wurin Allah, ba ya cewa ya fita daga kabari, kuma Yahudawa suna da kalmomin faɗin hakan. Me ya sa waɗannan suka zaɓi kalmar ƙarshen zamani suka ɗora wa mutum ɗaya? Wright ya ce sai an haɗa kabari marar gawa da gani ido da ido. Masu amsa masa suka ce mutanen nan sun shiga Urushalima suna jiran Mulkin Allah yau ko gobe, tashin matattu kuma yana cikin abin da suke jira, don haka da suka ga wani abu sai suka ce an fara. Bulus ma nunan fari ya kira Yesu, wato na farko cikin masu tashi. E. P. Sanders ya tsaya a kan cewa almajiran sun ga abin da suka ɗauka tashi ne, wannan tabbas ne, amma bai san hakikanin abin da ya jawo shi ba. Daga nan zuwa gaba, matsayin mutum kan yiwuwar mu'ujiza shi ke yanke hukunci, ba takardu ba.

Kalmar nama ta kafu ne a ƙarni na biyu. Ignatiyus na Antakiya, a kan hanyarsa ta zuwa Roma inda za a kashe shi wajen 110, ya rubuta wa mutanen Simirna cewa Yesu yana cikin nama ko bayan tashi. Abokan gardamarsa su ne masu cewa wahalar Almasihu gani ne kawai, kuma ya faɗi abin da ke cinsa: in haka ne, don me shi yake ɗaure da sarƙa? Akwai kuma masu cewa tashi ya riga ya faru a cikin zuciya, ra'ayin da Timoti ta biyu 2:18 ta soka, wanda aka sake samun irinsa a littattafan Kibɗanci da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945. Su ma da Bulus suke kafa hujja, musamman aya ta 50. Ireniyus na Liyon, wajen 180, ya ɓata dogon sashe yana ƙwato ayar daga hannunsu, ya ce nama da jini a nan mutanen da ba su da Ruhun Allah ne. Ya san abin da yake karewa. A 177 an kashe Kiristoci a garinsa, aka bar gawawwakin kwana shida a fili, aka ƙone, aka share tokar cikin kogin Ron, da gangan, don a ga ko za su tashi. Tatuliyan na Kartaj ya ɗora da cewa nama shi ne madogarar ceto, kuma tsohuwar shahadar ikkilisiyar Roma tashin nama ta ce, ba tashin jiki ba.

Da aka nace kan nama sai tambayoyi suka biyo baya. Kifi ya ci mutum, wani ya ci kifin. Ranar tashi naman na wa? Orijin na Iskandariya, a ƙarni na uku, ya ce jiki kogi ne, abin da ke cikinsa ba ya zama ɗaya ko na kwana biyu, amma kamanninsa na nan tun yarinta har tsufa, kuma wannan kamanni ne zai tashi cikin ɗaukaka. Ya fi abokan hamayyarsa kusa da misalin iri na Bulus, amma wani bishop mai suna Metodiyus ya far masa, kuma a 543 sarki Justiniyan ya sa aka la'anci ra'ayoyin da ake jingina masa. Ogustin ya bi ɗaya hanyar dalla-dalla a ƙarshen littafin Birnin Allah, wanda ya kammala wajen 426. Kowa zai tashi da jikin ɗan shekara 30 ko kusa, jarirai da girman da da sun kai. Mata za su tashi mata. Gashi da farcen da aka yanke ba za su ɓata ba, amma ba za su koma inda suka fito su munana mutum ba; za su shiga cikin jikin gaba ɗaya, yadda ake narkar da mutum-mutumi a sake zuba shi. Tabon shahidai zai zauna a matsayin ado. Naman da mayunwaci ya ci na ɗan'uwansa kuwa aro ne, za a mayar wa mai shi, Allah ya cike wa wanda ya ci. Wanda ya karanta raddin Imam Gazali ga masu falsafa irin su Ibn Sina zai gane wannan tambaya, don ta sake tasowa can kusan da kalmominta.

Me ya sa aka yi wannan naci? Elaine Pagels a 1979 ta ce siyasa ce a ciki: in manzanni ne kaɗai suka ga Yesu da jikinsa, iko yana hannun limaman da suka gāje su. Caroline Bynum a 1995 ta duba wani wuri, ta ce tsoron ruɓa da cinyewa ne, da bukatar tabbatar wa shahidi cewa wanda zaki ya yaga shi ɗin ne zai tashi, ba wani ba. Tokar Liyon ta fi goyon bayan Bynum.

Saura tambayar da ba a rufe da wuri ba, ta inda mamaci yake tsakanin mutuwa da tashi. Jastin Shahidi, wajen 160, ya ce masu musun tashin matattu suna cewa rai yana wucewa sama da zarar an mutu, kada a ɗauke su Kiristoci. Amma Bulus kansa ya ce yana marmarin ya tafi ya kasance tare da Almasihu, kuma addu'o'in da ake yi a kaburburan shahidai sun ɗauka suna can tuni. Ikkilisiyar Roma ba ta yanke hukunci a hukumance ba sai 1336, lokacin da Paparoma Benedikt na 12 ya ayyana cewa rayukan tsarkaka suna ganin Allah tun kafin a mayar musu da jikunansu, bayan wanda ya gabace shi, Yohanna na 22, ya yi wa'azin akasin haka ya jawo wa kansa rigima da malaman jami'ar Faris.